Mai Ganga da Mai Kujera: Tarihin Wakilcin Magoya Bayan Ƙwallon Ƙafa

A duk filin da ake buga tamaula, daga Agadas har zuwa Kano, mutane iri uku ne ke haɗuwa: ƴan wasa a tsakiyar fili, shugabannin kulob a inuwar rumfa, da taron jama'ar da suka sayi tikiti suka tsaya cikin rana. Na ukun nan su suka fi yawa, su kuma suka fi daɗewa. Ɗan wasa yakan sauya riga, shugaba yakan sauka daga kujera, amma magoyin baya yakan tsufa da kulob ɗin da ya taso ya tarar. Duk da haka, ran da za a yanka kuɗin shiga, ko a sallami mai horarwa, ko a sayar da matashin da unguwa ta rena, ba safai ake neman jin ta bakinsa ba. Tarihin ƙwallo ya nuna cewa isar maganar magoya baya ga masu mulkin kulob ta rataya a kan abu biyu: wane ne mai kulob ɗin, kuma wa ya zaɓi mai kai saƙon.

Daga unguwa zuwa bariki

Gasar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta soma a 1966, kuma ƙungiyoyin da suka fara cin ta a Yamai na unguwanni ne, har sunayensu ma lambobin yankunan birni ne. Secteur 6 ita ta rikiɗe ta zama Olympic FC, Secteur 7 kuma ta zama Sahel SC. A irin wannan kulob, shugaba maƙwabci ne. Wanda ke da ƙorafi yakan same shi a ƙofar masallaci ko wurin suna, ya faɗa masa ido da ido. Sunayen da wasu ƙungiyoyin suka ɗauka sun nuna inda tushensu yake: Zumunta a Yamai, Jangorzo da Ɗan Kasawa a Maraɗi.

Sannu a hankali nauyin gasar ya koma hannun ma'aikatu. Sojoji suna da AS FAN, gardawan ƙasa suna da AS GNN, jandarmomi da ƴan sanda da ma'aikatan duwan kowa da tasa, haka nan kamfanin lantarki Nigelec da na man fetur Sonidep. Dalilin a fili yake: ma'aikata tana iya biyan albashi, ta ba da mota, ta ɗauki ɗan wasa aiki in ƙafarsa ta gaji, alhali kulob ɗin unguwa yana rayuwa ne da aljihun attajiri ɗaya ko biyu. Sai dai shugaban kulob ɗin ma'aikata na sama da shi ne ke naɗa shi, kuma gare shi yake ba da bahasi. Taron da ke tafi a bakin fili ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Tsarin matasa na wancan zamani bai buɗe wannan ƙofa ba. Samariyar da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974 ta tara matasa a kowace unguwa ƙarƙashin sarkin samari, ta yi aikin gayya, ta shirya wasanni da bukukuwa. Amma magana a cikinta ta fi gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙungiyoyi masu zaman kansu sun yawaita, fadodin samari kuma suka bazu a birane, inda ake tafka muhawarar ƙwallo a bakin butar shayi har tsakar dare. Muhawara ce mai zurfi, sau da yawa ta fi ta shugabanni sanin ƴan wasa, amma takan watse tare da tokar gawayi.

Abin da Kano da Akara suka gani

A Kano an kafa Pillars a 1990 ta hanyar haɗe wasu ƙungiyoyin gari, da jagorancin Ibrahim Galadima. Ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Da wuya a sami kulob a Najeriya mai cika fili kamar yadda Sai Masu Gida ke cika filin Sani Abacha. Amma kulob ɗin na gwamnatin jiha ne, kuma gwamna ne ke naɗa hukumar gudanarwarsa. Masu gidan da ake yi wa kirari ba su da ƙuri'a a kan wanda zai riƙe makullin gidan. A watan Afrilun 2022, bayan wasa da Katsina United, wasu ƴan kallo suka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci kulob ɗin tara, ta zare masa maki uku, ta hana shi wasa a Kano. A ƙarshen kakar nan Pillars ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. Laifin ƴan kaɗan ne, amma dubban da ba su ɗaga dutse ba su suka rasa wasanninsu, ba kuma tare da sun sami wurin zama a teburin da aka yanke hukunci ba.

Abin da ya faru a Gana ya fi wannan muni. Ranar 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Akara, Hearts of Oak ta kara da Asante Kotoko. Da ƴan kallo suka fara jifa saboda fushi da alƙalin wasa, ƴan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin rumfuna alhali ƙofofin fita suna rufe. Mutum 126 suka rasu a turmutsitsin, da yawa daga cikinsu matasan unguwannin zango ne irin su Nima, inda Hausa ce harshen kasuwa da hira. Manyan ƙungiyoyin nan biyu suna da rassan magoya baya a faɗin ƙasa, da majalisar da ke haɗa rassan. Amma a ranar babu wani mutum tsakanin taro da masu tsaro wanda ɓangarorin biyu suka sani, suka kuma yarda da maganarsa.

Yadda Turawa suka sami kujerar

A Turai ma ba kyauta aka ba magoya baya kujera ba. A Ingila an daɗe ana kallonsu a matsayin masu tarzoma da ya kamata a killace bayan waya. Bayan mutum 39 sun mutu a filin Heysel na Beljiyam a 1985, wasu magoya baya a Liverpool suka kafa ƙungiya ta ƙasa don su riƙa magana da bakinsu. A 1989 aka yi turmutsitsin Hillsborough, wanda ya ci rayuka 97. An fara ɗora laifin a kan mamatan, kuma iyalansu suka shafe shekara 27 suna fafutika kafin kotun bincike ta wanke su a 2016.

Matakin da ya fi dacewa da ƙananan garuruwa an ɗauke shi ne a Northampton a 1992. Kulob ɗin garin ya kusa rushewa saboda bashi, sai magoya baya suka kafa ƙungiyar amana, suka yi karo-karo, suka sayi hannun jari. A madadin kuɗinsu suka sami kujera a hukumar gudanarwa, suka zaɓi Brian Lomax ya hau ta. A 2000 gwamnatin Birtaniya ta tallafa aka kafa Supporters Direct don yaɗa wannan tsari. A 2002, da aka amince a ɗauke kulob ɗin Wimbledon zuwa wani gari, magoya bayansa suka kafa sabo mallakin kansu, suka faro daga can ƙasa, cikin shekara tara suka shiga rukunin ƙwararru.

Jamus ta bi wata hanya. A 1998 ta yarda kulob ya zama kamfani, da sharaɗin mambobi su riƙe fiye da rabin ƙuri'u, dokar da ake kira 50+1. An keɓe Leverkusen da Wolfsburg, domin tun asali na ma'aikatan Bayer da Volkswagen ne. Daga Jamus ɗin ne kuma aka samo muƙamin jami'in hulɗa da magoya baya, wanda hukumar UEFA ta wajabta wa ƙungiyoyin da ke shiga gasanninta tun kakar 2012/2013. Faransa ta sa shi cikin dokarta ta 10 ga Mayu 2016, ta kuma kafa majalisar ƙasa da wakilan magoya baya ke zama tare da hukumomi. Ƙarfin waɗannan tsare-tsare ya bayyana a Afrilun 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyi 12 suka sanar da sabuwar gasa ta kansu ba tare da shawara da kowa ba. Babu ta Jamus ko ɗaya a cikinsu. A Ingila jama'a suka fito kan titi, kuma cikin kwana biyu ƙungiyoyinta shida suka janye. A 2025 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ta tilasta wa kulob tuntuɓar magoya bayansa a kan manyan al'amura.

Darasin Sarkin Turawa

Wannan tarihi ya fitar da wakili iri biyu, kuma Agadas ta san bambancinsu tun kafin ƙwallo ta iso. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a birnin a watan Oktoba 1850, ya ba da labarin muƙamin Sarkin Turawa a fadar Sarkin Abzin. Turawa a lokacin na nufin fataken Larabawa masu zuwa daga arewa. Mai wannan sarauta shi ke sauke su, ya karɓi haraji a kan kayansu, ya shigar da buƙatunsu fada. Aikinsa yana da amfani ƙwarai, domin ya san harshen baƙi ya kuma san na fada. Amma sarki ne ya naɗa shi, sarki ne kuma ke iya tuɓe shi. A ɗaya gefen akwai madugun ayarin gishiri mai ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. Shi ƙarfinsa daga amincewar masu raƙuma yake, in ya ɓatar da su sau ɗaya, baɗi ba mai bin sa.

Jami'in hulɗa da kulob ke biya albashi tamkar Sarkin Turawa yake: yana sassauta rikici, yana shirya tafiye-tafiye, yana sulhu da masu tsaro ranar wasa. Ran da buƙatar taro ta ci karo da ta shugaba kuwa, Hausawa sun riga sun faɗa: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Haka abin yake ga shugaban magoya bayan da kulob ke saya wa ganguna, ya ba shi tikitin kyauta da kujerar mota. Ba lalle ne ya zama maci amana ba, sai dai bakinsa ya yi nauyi. Wakilin da mambobi suka zaɓa, suke kuma iya saukewa, shi ne madugu. Ƙasashen da abin ya zauna da gindinsa sun riƙe su duka biyu, ba su kuma bari ɗaya ya sa rigar ɗaya ba.

Abin da ke gaban ƙungiyoyin arewa

Ga jihar Agadas maganar ta wuce ta ado. Tsakanin Agadas da Yamai akwai kusan kilomita 950, Arlit kuma tana gaba da wajen kilomita 240. Duk kulob ɗin arewa da ya hau rukunin farko, kuɗin mota da masauki kaɗai sun isa su karya shi. Urana da Akokana na Arlit, waɗanda suka wakilci yankin a babbar gasa, sunayensu ma daga ma'adinin uraniyam da garin Akokan suka fito, wato sun tsiro ne a inuwar arzikin haƙar ma'adini. Kamfanin Cominak, wanda aka gina Akokan dominsa, ya rufe mahaƙarsa ranar 31 ga Maris 2021. Kamfani yakan rufe, attajiri yakan karye, magajin gari yakan sauya. Abin da ba ya tashi daga gari shi ne jama'ar da ke zuwa kallo.

Kishin kuwa akwai shi. An gan shi a Oktoban 2010 da Mena ta doke Masar da ci ɗaya a filin Seyni Kountché, da kuma lokacin da ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. An gan shi a Disamban 2023 da Agadas ta karɓi gasar kokowa ta Takobi, kowace jiha da makaɗanta da ƴan rakiyarta. Bikin Biyanu ma shaida ne cewa ƴan gabas da ƴan yamma na birnin sun iya tsara taro mai yawa, kowane ɓangare da jagororinsa da ƙa'idojinsa. Abin da bai samu ba shi ne mai da wannan kishi tsari rubutacce.

Kayan aikin ba su da tsada: rajistar ƙungiya a hukumance, littafin sunayen mambobi, kuɗin wata-wata komai ƙanƙantarsa, babban taro sau ɗaya a shekara, zaɓe mai wa'adi, da ma'ajin da ke karanta lissafi a gaban kowa. Ƙungiyar da ta zo wa kulob da kuɗin man mota na tafiya uku tana da bakin neman kujera a hukumarsa, kamar yadda aka yi a Northampton. Wakilin da ya hau kujerar kuma wajibi ne ya koma ya faɗa wa waɗanda suka aike shi abin da aka ce, ko da bai yi musu daɗi ba, ya kuma tsawata wa masu jifa tun kafin hukuma ta rufe fili. A nan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ke da rawar takawa, domin su suka saba da rubuta dokokin ƙungiya, da riƙe rahoton taro, da ƙidayar ƙuri'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an rubuta wurin an miƙa wa mai gyara kafin damina.