Sunayen Cututtuka da Abin da Suka Koya Mana

Jama'a, duk sunan cutar da muka gada daga iyayenmu yana ɗauke da irin fahimtar da suka yi mata. Wata sun raɗa mata suna da lokacin zuwanta, wata da abin da suke zaton shi ne sanadi, wata kuwa da abin da ido ya gani kurum.

Mu fara da agana, wadda ake ce wa 'yan rani, don da rani ta fi ɓarna. Ta makantar da mutane, ta cika maƙabartu. Daga baya aka gane ƙwayar cuta ce da ke bin mutum zuwa mutum, aka shiga yi wa jama'a lamba gari gari. Da yawanmu har yau muna da tabon a damtse. A Nijeriya an daina ganinta a 1970, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Sai shan inna. Mutanen da sun ɗauka wata aljana ce, Inna, ke shanye ƙafar yaro. Ashe ƙwayar cuta ce da ke fita cikin bayan gida, ta shiga bakin wani yaron ta ruwa ko hannu marar tsabta. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a wasu jihohin Arewa saboda zargi, cutar ta bazu har ƙasashen maƙwabta. Sai a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar ta bar Afirka, amma har yanzu ɗigon baki bai zama abin sakaci ba.

To, kashi na uku shi ya fi shafarmu mu mazauna Kudu. Zazzaɓi ba cuta ba ce, alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Yana iya zama na cizon sauro, wanda aka tabbatar a 1897 cewa sauro ke ɗauke da ƙwayarsa. Yana iya zama taifot, ko farkon sanƙarau, annobar da ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan a 1996. Haka shawara: ido ya yi rawaya, amma ciwon hanta na kawo ta, sikila ma na kawo ta.

Sau nawa ɗan'uwa a Sabo ko a kara zai ce ai shawara ce, ya yi mako biyu yana shan jiƙo, sai rai ya kai ga halaka a kwashe shi? Idan mun je asibiti, likitan Bayarabe ne ko Ibo, kada mu miƙa masa suna kawai. Mu faɗi yaushe abin ya fara, ina ke ciwo, me aka sha, a tafi da mai jin harshen, a yarda a gwada jini.

Sanin sanadi ne ya kori agana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.