Manufar tattalin arzikin dijital da katse layukan waya a yankin Funtua da Malumfashi

Manufar Tattalin Arzikin Dijital ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NDEPS, kundi ne na shekara goma, daga 2020 zuwa 2030. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da ita a watan Nuwamba na 2019, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. Tana da ginshiƙai takwas, ciki har da koyar da fasahar zamani da shimfiɗa hanyoyin sadarwa.

A 2020 aka biyo bayanta da tsarin faɗaɗa intanet mai sauri. Tsarin ya yi alƙawarin cewa kafin ƙarshen 2025 intanet ɗin zai kai kashi 70 cikin ɗari, da gudun megabit 10 a karkara, kuma kada farashin gigabait ɗaya ya wuce naira 390.

Garuruwan noma irin su Karfi, a ƙaramar hukumar Malumfashi, su ne aka ce za su fi amfana. Amma a watan Satumba na 2021, kwanaki kaɗan bayan an yi hakan a Zamfara, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Malumfashi da Funtua da Bakori. Hujjar gwamnatin Aminu Bello Masari ita ce a toshe hanyar da 'yan bindiga ke magana da masu kai musu rahoto. Dokar Sadarwa ta 2003 kuwa ta bai wa hukumar NCC ikon dakatar da sabis idan an shiga halin gaggawa.

Matakin ya zo daidai bakin kaka. Dillalin masara ya rasa hanyar jin farashin kasuwa, mai POS ya naɗe tabarmarsa, wanda ke jiran kuɗi daga ɗansa a Legas sai ya hau mota ya je inda ake samun sabis. Mafi ciwo, ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da yadda zai kira jami'an tsaro, abin da masu sukar matakin suka fi nanatawa ke nan. Kada a manta, a wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

A watan Disamba na 2021 aka fara maido da layukan, ba tare da hare-haren sun ƙare ba.