Tasirin Kaurin Waya da Tsarin Haɗi a kan Ingancin Sautin Sifikun Gida

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda haɗin sifika da amfilifaya ke shafar sauti a cikin gida, ta hanyar lissafi bisa dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827. An gano cewa kaurin waya da tsawonta da daidaiton haɗi ne ke da tasiri, tsadar waya kuwa ba ta cikin lissafin.

Gabatarwa

Fasahar sitiriyo, wadda Alan Blumlein ya nemi rajistarta a Ingila a 1931, ta dogara ne ga sifiku biyu masu motsi tare. Abin takaici, mutane kan kashe kuɗi a kan na'ura mai kyau, sannan su haɗa ta da ragowar siririyar waya, su ɗora wa amfilifaya laifi.

Turjiyar waya

Yawancin sifikun gida om 4 ne, ko 6, ko 8. Ƙa'idar da ma'aikata ke bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin ɗari na turjiyar sifika, wato om 0.4 ga sifika mai om 8. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5 mm² tana da turjiyar kusan om 0.0115 a kowace mita. Da yake wuta na zuwa ta sili ɗaya ta dawo ta ɗayan, sai a ninka, ya zama 0.023. Ke nan wayar za ta iya kai mita 17 ba tare da matsala ba. In sifikar om 4 ce, tsawon ya koma ƙasa da mita 9. Mai kaurin 0.75 mm² kuwa da ƙyar ta wuce mita 4 ga sifika mai om 4.

A nan ya kamata mai saye ya buɗe ido. Akwai wayar alminiyom da aka lulluɓe da jan ƙarfe, alhali alminiyom na ɗaukar kusan kashi 61 ne kacal na abin da jan ƙarfe ke ɗauka. A kankare sili ɗaya da reza: in cikinsa ya fito fari, sai an ƙara kauri.

Daidaiton haɗi

Ja ga ja, baƙi ga baƙi. In aka juya a sifika ɗaya, bakinta na turowa yayin da na ɗayar ke ja baya, sai kaurin sauti ya dushe, murya ta rasa mazauni a tsakiya. Batir mai bolt 1.5 ya isa gwaji: a cire wayar daga amfilifaya, a taɓa jan sili da kan batir mai alamar tarawa, baƙin kuma da gindinsa, bakin sifikar zai turo waje in haɗin daidai ne.

Nauyin da ke kan amfilifaya

Sifiku biyu masu om 8 da aka cusa a mahaɗa ɗaya suna zama om 4, wutar da suke ja ta ninka. A ƙara ta uku, turjiyar ta faɗi zuwa kusan 2.7, abin da akasarin amfilifayoyin gida ba za su jure ba. Daga nan zafi ke tasowa, na'urar ta kashe kanta ko ta ƙone.