Takardun Hanyar Goro: Yadda Ilimin Larabci na Salaga, Yandi da Bawku Ya Shiga Jami'a

Gabatarwa

A ranar 1 ga Agusta 1962 aka jefa wa Shugaba Kwame Nkrumah bam a Kulungugu, wani ƙaramin gari kusa da Bawku a kan iyakar Ghana da Burkina Faso ta yau, yana dawowa daga ganawa da Shugaba Maurice Yaméogo a Tenkodogo. Wannan ne abin da ya sa sunan garin ya shiga littattafan tarihi. Amma hanyar da ta ratsa Kulungugu ta girmi siyasar ƙarni na 20. Reshe ce daga cikin hanyoyin da fatake suka bi tsakanin ƙasar Mosi da kasuwar Salaga, kuma ba goro da shanu kaɗai suka bi ta ba. Malamai da littattafansu ma sun bi. A cikin shekarar nan ta 1962 ne Jami'ar Ghana da ke Legon ta fitar da jerin farko na rubuce-rubucen Larabci da aka tattaro daga garuruwan ƙasar. Wannan bayani zai bi sawun yadda ilimin ya kafu a arewacin Ghana, da yadda ya zama abin bincike a jami'a.

Fatauci da Karatu

Hausawa sun san ƙasar Gwanja da goro tun da daɗewa. A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, ya ratsa Borgu da Sansanne Mango, ya sauka Yandi, sannan ya isa Salaga, inda ake sayen goron da ya fito daga dazukan Ashanti. Ayari ba ya rasa malami, domin shi ke jan salla, shi ke rubuta wasiƙa da lissafin bashi. Duk inda fatake suka yada zango suka daɗe, sai makarantar allo ta tsiro, daga bisani a sami zauren ilimi.

Hausawa ba su tarar da wurin babu kowa ba. Malaman Wangarawa sun riga su. A tsakiyar ƙarni na 18 malaman Gwanja suka rubuta Kitab Ghanja, tarihin sarakunan ƙasar da Larabci, wanda a ɓangarensa na ƙarshe ake kawo abubuwan da suka faru shekara bayan shekara. A Dagomba kuwa, Musulunci ya sami gindin zama a fada tun zamanin Na Zangina, wajen shekarar 1700, kuma malamai baƙi suka sami muƙamai a ƙarƙashin sarki. Saboda haka magudanai biyu na ilimi suka haɗu a wannan yanki: na Wangarawa daga yamma, da na Hausawa daga gabas.

Alhaji Umaru da Faɗuwar Salaga

Babu wanda rayuwarsa ta fi bayyana wannan tarihi kamar Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda ake kira Imam Imoru. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu daga Kabi, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Ya san Salaga tun yana saurayi ta hanyar fataucin mahaifinsa. Littafinsa na farko da aka sani, Sarhat al-wariƙa, na koyar da rubuta wasiƙa ne, ya rubuta shi a 1877, daga baya aka buga shi a Alƙahira. Zaɓin maudu'in kansa darasi ne: a garin kasuwa, Larabci kayan aiki ne na yau da kullum, ba na mumbari kaɗai ba.

Salaga ta fara rauni a 1874, lokacin da Ingilishi suka ci Kumasi, hanyar goro ta karkata zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke kan sarautar Kpembe, ɓangaren da ya yi nasara ya sami taimakon mayaƙan Dagomba, garin ya watse. Fatake da malamai suka bazu, Umaru ya ƙare a Kete-Krachi inda ya zama limami. Ya rubuta ƙasidar Tanbih al-ikhwan kan wannan musiba. Turawa kuma suka raba yankin a 1899: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yandi ta faɗa hannun Jamus.

Abin lura shi ne Umaru ya rubuta labarin zuwan Turawa da harsuna biyu. Ya yi ƙasidu da Larabci, kamar Nazm al-la'ali, ya kuma yi waƙa da Hausa cikin ajami a kan batun. Ya yi waƙa kan talauci da wadata, ya yi wata ƙasida kan annobar mura ta 1918. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin zamanin Jahiliyya, zuwa Hausa. Bajamushe Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamusun Hausa a 1906, ya karɓi dogayen bayanai a rubuce daga hannunsa kan sana'o'i da al'adun ƙasar Hausa. Wani malamin Salaga, Malam Alhasan, shi ma ya rubuta tarihin Salaga da na Dagomba da na Mosi da Hausa. A wurin waɗannan malamai, Larabci da ajami hannu biyu ne na mutum ɗaya.

Daga Zaure Zuwa Legon

An kafa Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a 1961, Thomas Hodgkin ya zama daraktanta na farko, Nkrumah kuma ya buɗe ta a hukumance a Oktoba 1963. A lokacin akwai masana a Turai da ke cewa Afirka ba ta da rubutaccen tarihi nata. Takardun malaman arewa amsa ce a hannu.

Ivor Wilks ne ya ja ragamar aikin tattarawa, amma ƙashin bayan aikin shi ne Alhaji Usmanu Ishaƙa Boyo, malamin da ya zaga garuruwa yana neman takardu. Dabararsu mai sauƙi ce: a ari littafi daga mai shi, a ɗauki kwafi a Legon, a mayar masa da asali. Malami ba ya miƙa gadon kakansa ga wanda bai sani ba, don haka amanar da ke tsakanin Boyo da 'yan uwansa malamai ita ta buɗe adakoki. Ta haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubuce, akasari da Larabci, wasu da ajamin Hausa. Akwai kwafinsu a Jami'ar Northwestern da ke Amurka.

Daga wannan taska bincike ya yi ta fita. Wilks ya nazarci salsalar malamai da ke rubuce cikin ijazoji, ya nuna a 1968 cewa karatun manyan ɗalibai a tsarin Wangarawa ya dogara ga littattafai uku: Tafsirin Jalalaini, Ashafa ta Alƙali Iyal, da Muwaɗɗa ta Imam Malik. A shekarar kuma Nehemia Levtzion ya wallafa littafinsa kan dangantakar malamai da sarakuna a Gwanja, Dagomba, Mamprusi da Mosi. A 1973 Douglas Ferguson ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles kan bayanan da Umaru ya bai wa Mischlich. A 1986 Wilks da Levtzion da Bruce Haight suka fitar da matanin Kitab Ghanja da fassararsa. Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya buga labarin yaƙe-yaƙen Zabarmawa na Malam Abu a 1992, sannan zuben ajami na Umaru a 2000.

Kammalawa

Jami'a ta ceci takardu, amma ta kasa su gida-gida. Ƙasidar Larabci ta tafi sashen Larabci, waƙar ajami ta tafi sashen Hausa, labarin yaƙi ya tafi sashen tarihi, alhali alƙalami ɗaya ya rubuta su. Ɗalibin Larabci da bai iya ajami ba ya ji rabin maganar Umaru ne kawai, haka ma ɗalibin Hausa da ya tsaya ga boko. Wanda ya kwatanta abin da malamin ya faɗa wa 'yan uwansa malamai da Larabci da abin da ya faɗa wa jama'ar zango da Hausa, shi zai gane yadda mutanen wancan zamani suka ɗauki zuwan Turawa.

Hausa har yau harshen kasuwa ce a Bawku da zangunan Yandi da Salaga, kuma takarda ba ta jure gara da ruwan sama har abada. Ɗalibin da ya tashi a zaure, ya kuma shiga jami'a, shi ya fi kowa cancantar ɗaukar aikin da Boyo ya fara, domin ƙofar da za ta rufe wa baƙo shi za ta buɗe masa.