Diyyar Magina da Leburori a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Diyyar raunin aiki ita ce abin da ake biyan ma'aikaci, ko magadansa, idan ya ji ciwo, ya nakasa ko ya rasu a bakin aiki. A Ƙaraye da Rogo, yammacin Jihar Kano, al'ada ce ta fara ɗaukar wannan nauyi, kuma har yau dokar gwamnati ba ta karɓe shi daga hannunta ba.

A da, gini sana'ar gado ce, ta tubali da azara. Magini in ya faɗo daga kan soro, wurin maɗori ake kai shi. Mai gida ya aiko da hatsi ko kuɗin magani, dangi su yi masa gayyar noma. Duk wannan alheri ne, babu wanda zai kai wani gaban alƙali a kansa. Fiƙihun Malikiyya ya san diyya, amma a wuyan wanda ya jawo ɓarnar yake ɗora ta. Wanda aka ɗauka haƙar rijiya, ta rufta da shi ba da sakacin kowa ba, mai rijiya ba ya biya.

Biyan ma'aikaci ko da babu mai laifi daga Turai ya samo asali: Jamus a 1884, Ingila a 1897. Turawan mulkin mallaka sun kafa irin wannan doka a Najeriya a 1941, gwamnatin Babangida ta sabunta ta a 1987. A ƙarƙashin ta 1987 ɗin ne kamfanin Julius Berger ya gina madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, daga 1990 zuwa 1992, mai tsayin mita 42. Irin wannan aikin dokar ta sani: kamfani mai rajista, da ma'aikatan da sunansu ke takardar albashi.

A Disambar 2010 Shugaba Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka. Yanzu mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, ba tare da an taɓa kuɗin ma'aikaci ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Dokar ta haɗa har da 'yan koyo da masu aikin wucin gadi.

Sai dai birkila da leburan da ke ɗaukar kwaɓin siminti zuwa saman bene a Rogo, da baki ake ɗaukarsu, da yamma a sallame su. Ƙaramin ɗan kwangila bai cika zuba musu komai a asusu ba, kuma wannan tauye haƙƙi ne. Doka ta ba mai rauni kwana 14 ya sanar da ubangidansa, da shekara ɗaya ya nemi diyyarsa. Sau da yawa wa'adin kan wuce yana kwance a gida, 'yan uwa na haɗa masa kuɗin ɗori.