Tadbirin Yaƙin Rumawa

Tadbirin yaƙi, a isɗilahin malaman tarihi, shi ne daula ta auna dukiyarta da dakarunta da ƙarfin maƙwabtanta, sa'an nan ta tsayar da abin da za ta tsare da abin da za ta bari, tana duban zamanin 'ya'ya da jikoki. Mas'alar da aka daɗe ana saɓani a kanta ita ce, shin Rumawa, waɗanda mulkinsu ya miƙe tun daga Birtaniya har kogin Furatu, sun yi irin wannan tadbiri da niyya, ko kuwa kowane Ƙaisar ya tari abin da zamaninsa ya kawo masa ne kawai.

Wanda ya tayar da muhawarar shi ne Edward Luttwak, masanin sha'anin tsaro na Amurka, wanda a littafinsa na 1976 ya kasa al'amarin kashi uku: zamanin da Rum ta kewaye kanta da sarakuna 'yan amana, da zamanin da ta ja iyaka ta jera ribaɗai a kanta, da kuma ƙarni na uku, lokacin da ta koma barin abokan gaba su shigo kafin ta rutsa su a cikin ƙasa.

Masu goyon bayansa suna da hujjoji masu nauyi. Ƙaisar Agustas ya tsayar da rundunoni 28 na dindindin, ya kafa musu baitulmali na musamman a shekara ta 6 Miladiyya domin sallamar tsofaffin soja; da Jamusawa suka hallaka rundunoni uku na kwamanda Farus a dajin Tutobag a shekara ta 9, sai daular ta janye daga ƙasar da ke hayin kogin Rayin. Malamin tarihi Tasitus ya ruwaito cewa, da Agustas ya rasu a shekara ta 14, an karanta wa majalisa takardar da ya rubuta da hannunsa, wadda ya lissafa dakaru da jiragen ruwa da haraji a cikinta, ya kuma yi wasiyya kada a faɗaɗa daular. Haka nan rundunoni takwas da ke gadin Rayin a shekara ta 23 sun koma huɗu a ƙarni na biyu, yayin da aka ƙarfafa bakin kogin Danub, kuma ba a yin irin wannan sauyi sai da lissafi.

Amma malaman tarihi Fergus Millar da Benjamin Isaac da waɗansunsu sun yi raddi, suna cewa Rum ba ta da ofishin tsara yaƙi, ba ta da taswira irin ta yau, kuma labarin iyaka yakan yi makonni kafin ya iso fada, inda Ƙaisar yake yanke hukunci da shawarar aminansa. Ƙaisar Kalaudiyas ya saɓa wasiyyar Agustas ya ci Birtaniya a shekara ta 43, saboda yana bukatar sunan nasara. Ƙaisar Tarajan ya ci Iraƙi, magajinsa Hadiriyan ya sake ta a shekara ta 117. Ganuwar da Hadiriyan ya soma a arewacin Birtaniya a shekara ta 122, mai tsawon mil 80 na Rumawa, da ƙaramin sansani mai ƙofa a kowane mil da hasumiya biyu a tsakani, ba ta cika shekara ashirin da biyar ba magajinsa ya bar ta, ya gina wata can arewa, ita ma aka ƙaurace mata bayan kamar shekara ashirin.

Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, Rumawa ba su da tsari guda rubutacce da aka gada kaka da kakanni, amma suna da al'adar ƙirga soja da dukiya, da sanin inda haɗari ya fi yawa. Wannan al'ada, tare da kishin martabar sunan Rum, ita ta riƙe iyakokinsu kusan shekara ɗari huɗu bayan Agustas.