Gishiri da gansakuka a sabon akwatin kiwon kifin teku

Kiwon kifin teku a cikin akwatin gilashi ya daɗe a Turai. Tun a shekarar 1853 gidan namun daji na birnin Landan ya buɗe ɗakin nuna kifaye ga jama'a.

A yau mutane da dama na ajiye irin wannan akwati a gidajensu, sai dai kifaye masu tsada kan mutu a makonnin farko. Abubuwa biyu ne suka fi wahalar da sabon mai kiwo: daidaita gishirin ruwa da kuma gansakuka.

Yawan gishiri

A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Wasu tekunan sun fi haka, kamar Bahar Maliya, inda yake kai wa giram 40 saboda zafi da ƙarancin ruwan sama.

Masu kiwo kan auna nauyin ruwan akwati a kwatanta da ruwa mara gishiri. Ga akwatin da ke da murjani ana son ma'aunin ya tsaya tsakanin 1.025 da 1.026. Ana awon ne da haidromita, wadda ke iyo a ruwa, ko kuma rifraktomita, wadda ake ɗiga mata ruwa a duba ta cikin haske.

Gishirin girki ba ya wannan aiki. Akwai na musamman da ake haɗawa a masana'anta, mai ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadaran ruwan teku. Ana narkar da shi ne a wani bokiti dabam na tsawon sa'o'i, a auna, sannan a zuba.

Kifin teku yana shan ruwan gishiri, yana kuma fitar da rarar gishirin ta gaɓoɓin numfashinsa. Idan gishiri ya sauya farat ɗaya, wannan aiki kan fi ƙarfin jikinsa. Murjani da jatan lande ma sun fi kifi rauni a nan. Don haka duk wani gyara a kan yi shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne wajen cike gurbin ruwan da ya ƙafe. Ruwa ne kawai ke tashi, gishiri yana nan. Wanda ya cike da ruwan gishiri ƙara wa akwatin gishiri yake yi. Ruwa tatacce mara gishiri ake zubawa, kuma a lokacin zafi ko busasshiyar iska ya kamata a duba kullum.

Gansakuka

Kashin kifi da ragowar abinci kan koma ammoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da ita naitrait, wasu kuma su mayar da shi naitret, wanda illarsa ba ta kai tasu ba. Kafin ƙwayoyin su kafu a kan ɗauki makonni huɗu zuwa shida, shi ya sa ba a gaggawar zuba kifi.

Naitret da fosfet su ne takin gansakuka. A makonnin farko wata ƙura mai ruwan ƙasa kan rufe yashi da gilashi. Tana buƙatar silika ne, kuma yawanci takan gushe da kanta idan silikar ta ƙare.

Daga baya koriya mai kama da gashi kan fito a jikin duwatsu. Akwai kuma wata ja mai yauƙi, wadda a haƙiƙa nau'in bakteriya ce, tana son wurin da ruwa ba ya motsi sosai.

Kankare gansakuka kaɗai ba ya magance ta muddin takinta na nan. Abin da ke aiki shi ne rage abincin kifi zuwa abin da za su cinye cikin mintuna kaɗan, da taƙaita fitila zuwa kimanin sa'o'i takwas a rana, da kawar da akwatin daga hasken rana. Ana kuma sauya kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk mako ɗaya ko biyu. Ruwan famfo kan zo da fosfet da silika, don haka ake tace shi. Dodon koɗi na teku da ƙananan ƙaguwa na taimakawa wajen cinye ta.

Inda ake zubarwa

Gansakukar akwati kan zama bala'i idan ta shiga teku. A shekarar 1984 an gano wata mai suna Caulerpa taxifolia a Bahar Rum, a ƙarƙashin gidan adana halittun ruwa na Monako. Daga nan ta bazu zuwa gaɓar Faransa da Italiya da Sifaniya da Tunisiya, tana danne ciyayin teku na asali.

A shekarar 2000 ta ɓulla a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma sai a 2006 aka ba da sanarwar kawar da ita, bayan an kashe miliyoyin daloli.

Shi ya sa ake shawartar masu kiwo su busar da gansakukar da suka cire ko su daskarar da ita, su jefa a shara, kada su zubar a magudanar da ke kai wa ga teku.